Safiyar da Maraya Ya Ɓalle

Zuwa ga Yayata, babbarmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Gaisuwa mai tarin yawa daga ni ƙaninki da dukan mutanen gida. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta iske ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara, ya ƙara muku rufin asiri, ya ɗauke miki ciwon gwiwar nan da kika ce yana hana ki hawa bene. Ina fata kin ajiye taurin kai kin je an duba ki. Yaya aikin maigida, yaya karatun yara? An ce babban ya fi ki tsawo yanzu, har gemu ya fara leƙowa. Allah ya raya mana su, ya shirya su.

Mu nan alhamdulillahi. Baba yana cin abinci sosai, idon ne dai ya ƙara rauni, yanzu da murya yake gane mu. Uwar yara tana lafiya in ban da ƙunar da ta samu a hannu, wadda za ki ji dalilinta nan gaba. Yara duka suna zuwa makaranta. Sai ƙaninmu Auta, wanda yake kwance a asibiti. Ki kwantar da hankalinki tun kafin ki wuce wannan layin: yana raye, yana magana, har yana faɗa da masu jinya, kuma likita ya ce zai taka ƙafarsa. A waya an gaya miki faɗuwa ya yi a garke. Ni na sa aka faɗa haka, don ban so ki ji rabin magana kina nesa ba. Ba faɗuwa ba ce. Kin san ni, in na buɗe baki a waya sai in fara daga tsakiya in ƙare ban faɗi komai ba, shi ya sa na zauna na rubuto. Wannan ce takarda ta uku. Biyun farko na yaga su, ɗaya don na ga na wanke kaina da yawa, ɗaya don na ga na wanke Auta da yawa.

Sai na fara daga saniyarki, don a kanta abin ya faro. Sannu-Sannu, wadda Inna ta ba ki tana 'yar maraƙa, kika raɗa mata wannan suna saboda kullum ita ce ƙarshen isowa kwamin ruwa, tana nan da ranta. Haihuwarta goma sha ɗaya ke nan. Haƙoranta sun cinye, bayanta ya ɗan lotsa, amma kofatonta garau yake, hantsarta ba ta taɓa kumbura ba, kuma ba ta taɓa ƙin ɗaukar ciki ba. Madararta ba ta kai a ba da labari ba, bokiti ɗaya ne a yini, wani lokaci ma ya ɗan gaza. Sai dai bokitin nan ba ya yankewa, shekara da shekaru. 'Ya'yanta mata da jikokinta su ne kusan rabin garkenmu, kuma duk halinta suka ɗauko, ba yawa, ba ciwo.

Bayan zuwanki na ƙarshe, kamfanin da ke karɓar madara ya fara aiko mota har ƙofa, ya kuma ce ba zai riƙa tsayawa inda garwa biyu kawai ake miƙa masa ba. Shi ne Auta ya sayar da babur ɗinsa ya sayo karsana ruwa-biyu, baƙa da fari, uwarta irin tamu, ubanta irin shanun ƙasashen sanyi. Yaya, ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Da ta haihu, bokiti uku take cikawa, hannun mai tatsa ya gaji ita ba ta ƙare ba, kafin ma a zo gare ta madara na tsiyaya da kanta a ƙasa. Yara suka sa mata Famfo. Maƙwabta har kallo suke zuwa. Auta ya riƙa yawo ƙirji a gaba, in ya wuce ta gaban Sannu-Sannu sai ya yi mata sannu da hutawa, ya tambaye ta yaushe za ta fara karɓar fansho.

Haihuwa biyu Famfo ta yi lafiya. Abin da take ci kamar ba ya tsayawa a jikinta, duk hantsa yake gangarawa, har ana iya ƙirga haƙarƙarinta daga nesa. Zafi ya dame ta, ta yi ta haki baki a buɗe. Sai kofato ya fara ruɓewa, sai kan nono ɗaya ya taurare ya riƙa fid da ruwa-ruwa da gudaji. A haihuwa ta uku ta sauke maraƙin ta kwanta, ba ta sake tsayawa ba. Mun ɗaga ta da igiya da buhu a ƙarƙashin ciki, likitan dabbobi ya yi mata ƙarin ruwa ta jijiyar wuya, ta miƙe ta sake zubewa. Da fatar gefenta ta fara salɓewa sai Baba ya ce a daina azabtar da ita. Auta ne ya riƙe kanta aka yanka, kuma bai ci naman ba.

Maraƙin namiji ne, shi ne Maraya. Ta allura aka samu cikinsa, da irin wani bijimin waje, don haka jinin waje ya fi yawa a jikinsa. Ba saniyar da ta yarda ta shayar da shi, sai Auta ya ɗauko shi tsakar gida ya rene shi da kwalba kamar jariri. A bakin ƙofar ɗakinsa yake kwana. Wasan da suka fi so shi ne ture: Auta ya durƙusa ya kafa kafaɗa a goshin maraƙin, su yi ta tura juna har ɗaya ya ja baya, mu kuma muna dariya, Baba ma yakan tambaya wa ya ci yau. Mu da muka saba da bijimai masu tashi a bayan uwa, masu ja da baya in mutum ya ɗaga sanda, ba wanda ya ga aibun wannan wasa a cikinmu. An ƙone masa tushen ƙaho yana ƙarami, amma na hagu bai mutu duka ba, ya tsiro ɗan dungu mai lanƙwasa, tsawon yatsa. Da ya girma ya zama wani irin ƙato, wuya kamar ganga, aka sa masa zobe a hanci, aka gina masa ɗakin bulo a ƙarshen garke. Kowa ya daina shiga wurinsa sai Auta, wanda ko sakatar ƙofar ba ya sawa, igiya kawai yake naɗawa, wai ai ɗansa ne.

Da aka sayar da tsohon bijiminmu, Maraya ya zama shi kaɗai ke barbara, kuma yanzu haka karsana bakwai na ɗauke da cikinsa. Ana haka Sannu-Sannu ta haifi namiji, yara suka sa masa Ɗan-Tsufa. Ina ganin shi ne na ƙarshe da za ta yi. Ni na so a bar shi ya zama bijimi, don kada jinin uwarsa ya narke a cikin na waje ya ɓace. Auta ya so a dandaƙe shi a yi kiwonsa don nama. Kin san littafin da nake rubuta abin da ya wakana kowace rana tun muna makaranta. Madarar kowace saniya ma tana ciki, kuma a kan taga yake, kowa na iya buɗewa. Na tara abin da Famfo ta bayar duk rayuwarta, na tara na Sannu-Sannu, na nuna masa cewa na tsohuwar ya kusa ninka nata, ban da 'ya'yan da ta cika mana garke da su, ban da maganin da ba mu taɓa saya mata ba.

Auta ya saurara ya kira ni Akawun Shanu. Ya ce mai mota ba tarihi yake saye ba, madarar yau yake aunawa. Ya ce saniya uku irin tsohuwa dusar uku suke ci, wurin uku suke tarewa, don su ba da abin da ɗaya ke bayarwa. Ya ce kuma ba jini ne ya kashe Famfo ba, daɓen simintin da na zuba a rumfar tatsa ne, wanda ruwa ke kwanciya a kai, da rufin kwano mai zafi. Wai na ɗora motar tsere a kan hanyar jaki, sannan na dawo ina cewa motar ce ba ta da ƙarko. Maganar daɓen nan ta tsaya mini a rai, don gaskiya ni na zuba shi, kuma gangarensa bai fita daidai ba. Har yau ban san wa ke da gaskiya ba. In na duba littafin da safe sai in ga ni ne, in na tsaya a kan daɓen da yamma sai in ga shi ne.

Da musun ya ishi Baba, sai ya ce saniyar Yayarku ce, abin da ta haifa nata ne, ba mai taɓa Ɗan-Tsufa sai an ji daga bakinki. Ya ɗora mini tambayarki. Na yi ta jan ƙafa, yau in ce layi ba kyau, gobe in ce kina fama da gwiwa, alhali tsoro nake ki ce a yi yadda Auta yake so. Ɗan-Tsufa kuwa ya kusa shekara, ya fara bin shanu yana shinshina, Maraya in ya jiyo shi sai ya yi ta tonon ƙasa yana dukan bango. Auta ya ce in ya bari ɗan tsohuwa ya hau ko karsana ɗaya, an mayar da shi baya shekaru, kuma shi ba zai tsufa yana jiran akawu ya fiƙe fensir ba.

Safiyar da abin ya faru mun gama tatsa, na tura garewanin madara a baro zuwa bakin ƙofa ina jiran mota. Sai na ji wani kuka daga bayan rumfa, irin wanda dabba ba ta yi sai an taɓa ranta. Na ruga. Na tarar Auta ya kayar da Ɗan-Tsufa shi kaɗai, ya haɗa ƙafafunsa huɗu ya ɗaure, ya ɗaure kan a turke, ya durƙusa a bayansa da awartakin dandaƙa da ya aro. Ki gafarce ni da wannan bayani, Yaya, amma sai da shi za ki gane sauran. Awartakin ba ya yanka fata, jijiyar da ke ciyar da maraina yake murƙushewa, ɗaya bayan ɗaya. Ya riga ya gama ta dama, yana laluben ta hagu. Idon maraƙin ya juye fari fat, harshe a waje, zawo na zuba.

Na ce masa ya saki. Bai ko ɗago ba, ya ce in je in rubuta a littafi. Murfin garwa na hannuna, na ƙarfe, ban ma san na taho da shi ba. Da shi na kwaɗa masa a gefen fuska, na ji ƙarar haƙori. Ni da ban taɓa ɗaga masa hannu ba tun yana rarrafe. Ya tofar da jini ya taso mini, kuma kin san ya fi ni ƙarfi nesa ba kusa ba. Ya sunkuce ni ya maka da ƙasa, ya hau ruwan cikina ya shaƙe ni, yana cewa yau sai ɗayanmu ya bar garken nan. Na cusa yatsa a bakinsa inda ya fashe na ja iya ƙarfina. Ya lalubo awartakin ya ɗaga sama. Ban sani ba ko da zai sauke shi a kaina. Na tambayi kaina sau da yawa, shi ban tambaye shi ba. Muna cikin kashin shanu muna birgima, shanu sun firgita suna tsinke igiya, Baba daga bakin ƙofa yana kiran sunayenmu ɗaya bayan ɗaya, ba ya ganin abin da ke faruwa, ba kuma wanda ya amsa masa.

Ban ji ɓallewar ƙofa ba, ƙasa kawai na ji tana girgiza a bayana. Igiyar nan da Auta yake naɗawa ba ta riƙe komai ba. Maraya ya taho kai a ƙasa, ya tarar da Auta a durƙushe, kafaɗa a gaba, daidai yadda yake tsaya masa a wasan ture. Ya ɗauke shi daga kaina kamar an ɗauke tsumma. Na ga ƙafafun Auta a sama, takalminsa ɗaya ya tashi ya faɗa kan rufin rumfa. Auta ya sauko a jikin kwamin ruwa na siminti, kafin ya motsa bijimin ya kafa masa goshi a ƙirji ya danna. Yaya, ƙarar haƙarƙari kamar ana taka busasshen kara take. Auta bai yi ihu ba, ba shi da iskar yi. Hannu kawai ya ɗaga yana shafa goshin bijimin, wurin da ya saba sosa masa, leɓensa na motsi yana kiran sunansa. Maraya ya ɗan ja baya ya dawo, wannan karon da dungun ƙahon, ya soke shi a cinya ya yi sama da kai, naman ya tsage daga gwiwa har kusa da kwankwaso.

Na ɗauki fayif ɗin ƙarfe da muke tokare ƙofa da shi na yi ta dukansa a baya, a ƙugu, a wuya, kamar ina dukan bango. Na zagaya na kama zoben hancinsa da hannu biyu na murɗa. Ya girgiza kai sau ɗaya, zoben ya fito da tsokar hanci a hannuna, ni kuma na tsinci kaina a gindin shinge. Jini na kwarara daga hancinsa yana zuba a fuskar Auta, sai ya durƙusa da gwiwoyin gaba a kansa yana niƙa shi da ƙasa. Uwar yara ce ta fito da tukunyar tafasasshen ruwan da muke wanke garewani da shi, ta zo har gabansa ta sheƙa masa a ido da kunne. Rabin ruwan a hannunta ya ƙare. Maraya ya yi wani ruri ya miƙe, ya bar Auta ya bi ta. Ta jefar da tukunyar ta faɗa cikin rumfa, ta bi ta tsakanin ginshiƙai inda shi ba zai iya wucewa ba, ya yi ta kai musu karo har kwanon rufi ya fara zamowa.

Allah ya kawo mai motar madara a daidai nan. Mutum ne mai yawan mita, in ka ɗan makara sai ka sha magana har kunnenka ya yi zafi. Ya ce da ya iso ya ga tsoho shi kaɗai yana lalube a tsakiyar hanya yana kuka, ya hangi abin da ke faruwa a ciki, bai tsaya tambaya ba. Ya bi ta kan baro da garewani, ya kutsa da motar ta cikin shinge, ya daki Maraya a ƙugu. Bijimin ya faɗi, ya tashi da ƙafa uku, ya juyo ya kai wa motar karo, ya fasa fitila, ya lotsa gabanta har ruwan inji ya fara tsiyaya. Mai mota ya ja baya ya sake taho masa, ya matse shi da bangon ɗakinsa, ya ƙi ɗaga ƙafa daga totur. Maƙwabta sun fara shigowa. Muka zura igiya ta ƙarƙashin mota muka ɗaure ƙafafunsa, aka ja da baya, ya zube. Ba a jira mahauci ba. Baba ya ce a ba ni wuƙa. Ni na yanka shi, Yaya, wuyan nan mai kauri sai da na maimaita. Jininsa ya gangara ya haɗu da madarar da ta malalo daga bakin ƙofa, suka taru a lotsin daɓen nan nawa, inda ruwa ke kwanciya.

Mun ɗaure cinyar Auta da ɗankwalin uwar yara, wani maƙwabci ya ɗauke mu a motarsa. Haƙarƙari biyar ne suka karye, ɗaya ya huda huhu, aka sa masa roba a gefen ƙirji tana zuƙe jini. Cinyar ta sha ɗinki ciki da waje. Ya zubar da jini da yawa, nawa ya dace da nasa, aka ɗiba. Akwai kuma haƙori biyu da suka fita, waɗanda likita ya sa a cikin ɓarnar bijimi. Auta bai gyara masa ba, ni ma ban gyara ba, ke nake gaya wa ba bijimi ba ne. Ɗan-Tsufa kuwa duk mun manta da shi, yana ɗaure a rana cikin ƙudaje har bayan azahar, sai da uwar yara ta dawo daga wurin wankin ƙuna ta kwance shi da hannu ɗaya da haƙori.

Likitan dabbobi ya zo washegari. Bai yi mana faɗa ba, ya ce ko a manyan gonaki ana yin wannan kuskure. Ya ce bijimin da ya tashi a hannun mutum ba ya ɗaukar mutum a matsayin mutum, ɗan'uwansa bijimi yake ɗaukarsa, ranar da ya ji ƙarfinsa ya kawo sai ya nemi su gwada. Na tambaye shi, tsakanina da Auta wa ke da gaskiya a maganar jini. Ya yi dariya ya ce ya ga ruwa-biyun da ta yi haihuwa takwas a busasshen wuri mai inuwa, ya kuma ga irin tamu da ta mutu a ta biyu. Bai taimake ni da komai ba. Game da Ɗan-Tsufa, ya ce na dama ya mutu, zai shanye da kansa. Na hagu akwai shatin bakin awartaki a fatarsa, amma ba a rufe shi ba. In kumburin ya sauka bai taɓa shi ba, guda ɗayan ya isa ya yi barbara. In ya taɓa, shi ke nan. Safe da yamma nake zuba masa ruwan sanyi, yana harbina ina haƙuri. Jiya na ga kamar ya fara sacewa, amma ban yarda da idona ba, sai na auna da zare, gobe in sake aunawa.

Auta bai yi mini magana ba tun ranar. Da Baba ya gaya masa an yanka Maraya, sai ya tambayi wa ya yanka. Baba ya ce shi ya ba da umarni. Auta ya ce ba wanda ya ba da umarni ya tambaya ba, ya juya fuska bango. Ina zuwa kullum, in zauna a kan benci kusa da gadonsa, in ɓare masa lemo, ya karɓa daga hannun wani. Shekaranjiya muka je tare da uwar yara, sai ya tambaye ta, kamar ba na wurin, ko ya gama dandaƙe wa Ɗan-Tsufa duka biyun ne kafin a fasa masa baki. Ta ce ɗaya ya gama. Can ya ce ta gaya wa Akawun Shanu, a cikin karsana bakwai ɗin nan akwai huɗu da ba jinin tsohuwa ba ne. In suka haifi mata suka girma, a sa musu ɗan tsohuwa. Ya ce in 'ya'yan suka fito da madarar Famfo da ƙafar tsohuwa, shi ya ci. In kuwa suka fito da madarar tsohuwa da ƙafar Famfo, zai sake aro awartakin nan, kuma ba a jikin maraƙi zai yi aiki da shi ba. Uwar yara ta rufe fuska tana dariya, shi ma ya fara, haƙarƙari suka tsayar da shi har sai da aka kira mai jinya. Da ya samu numfashi ya ƙara da cewa kada ya fito ya tarar da daɓen nan. Na fara fasa shi, na ci kusan rabi, tafin hannuna duk ya yi kanta.

To, Yaya, ga tambayar da ya kamata in yi miki tun tuni, wadda da na yi ta a kan lokaci da wataƙila ban rubuta duk wannan ba. Ɗan-Tsufa naki ne. In Allah ya sa na hagun ya tsira, a bar shi ya zama bijimin garke, ko a ƙarasa abin da aka fara? Yanzu ba mu da wani bijimi, kuma maganar Auta ba ta zama hukunci ba sai kin sa baki, haka Baba ya ce. Duk abin da kika yanke zan yi, ko da ba shi nake so ba. Sannan ki kira Auta, ba don maganar shanu ba, ki dai kira shi. Ya ce a ci gaba da gaya miki faɗuwa ya yi, don kada ki tayar da hankali ki ce za ki taho da wannan gwiwar. In ya maimaita miki, ki bar shi ya faɗa.

Yammacin ranar da abin ya faru, bayan mun wanke jinin, shanu duka suka riƙe madararsu, muna ja ba abin da ke fita, jikinsu sai ɓari yake. Sannu-Sannu ce ta shigo rumfa a ƙarshe kamar kullum, ta shinshina daɓen, ta tsaya a wurinta. Na zauna na tatsa. Bokiti ɗaya ta bayar, ya ɗan gaza. Shi yara suka sha, sauran na kai wa Baba.

Baba yana gaishe ki, yana sa miki albarka. Uwar yara tana gaishe ki, ta ce ki aiko mata man ƙunar nan da kika taɓa ba ta labari. Yara na gaida Gwaggonsu. Ki gaida mini maigida da kyau, ki gaida Dogo mai sabon gemu, da 'Yar Baba, da Likita ƙarama, ki ce mata Kawunta ya samo mata majinyaci. Ki gaida surukarki, Allah ya ƙara mata lafiya. Ki sa Auta a addu'a, ni ma ki sa ni, ki kuma yafe mini. Allah ya sada mu da alheri.

Wassalam.

Ƙaninki,
wanda Auta ke kira Akawun Shanu